Daga darasin farko zuwa babbar gasa: yadda mace ke gina sana'ar tsallaken shinge da doki

Tun bayan gasar Olamfik ta Paris a 2024 saƙonni ba su yanke mini ba, wasu daga 'yan mata, wasu daga iyaye. Duk tambaya ɗaya ce: waɗannan matan da muke gani suna haura shinge mai kusan tsayin mutum a kan doki, ta ina suka faro, kuma me ake kashewa? Abin da ya ja hankalin mutane shi ne a wannan wasa babu rukunin maza daban na mata daban. Fili ɗaya ne, shinge ɗaya, lambar yabo ɗaya. A wasan ƙarshe na gasar duniya da aka yi a Aachen ta Jamus a 2006, cikin mahaya huɗu da suka rage, uku mata ne.

Ɗaya daga cikinsu ita ce Meredith Michaels-Beerbaum, haifaffiyar Los Angeles a 1969, wadda ta koma Jamus, ta kuma zama mace ta farko da ta hau saman jadawalin mahayan duniya a ƙarshen 2004. Da hanyar da ta bi zan riƙa auna matakan nan, tare da ta Beezie Madden ta Amurka a inda ta fi haskaka magana. Roƙona ɗaya ne, 'yar'uwa: kada ki tsallake mataki. Mafi yawan waɗanda suka karye, a jiki ko a aljihu, gaggawa ce ta kai su.

1. Malami kafin doki

Kada ki sayi doki. Ki nemi barga mai makarantar hawa, inda akwai malami da dawakan koyo, tsofaffi masu haƙuri waɗanda suka saba da hannun ɗan koyo. Kafin ki biya ko sisi, ki je ki zauna ki kalli darasi guda daga farko har ƙarshe. Ki dubi ƙasar filin: yashi ne da aka baje, ko kuwa fako ne mai tauri da duwatsu? Ki dubi dawakan: ana ƙirga haƙarƙarinsu? Akwai gyambon sirdi a bayansu? Ki saurari malamin: yana bayani ne, ko tsawa kawai yake yi?

Idan a gida kike, wuraren da ake wasan folo kamar Kaduna, Kano da Legas su ne inda za ki fi samun sirdin Turawa da wanda ya san zama a kansa. Amma folo daban, tsallake daban, don haka ki tambaya kai tsaye ko malamin ya taɓa koyar da tsallake.

Gargaɗi: duk malamin da ya ce zai sa ki tsallake shinge a makon farko, ki yi masa sallama.

2. Kayan da za ki fara saya

Uku ne kawai a farko. Hular kwano ta hawan doki mai tambarin ingancin tsaro, wadda ta zauna daidai a kanki ba ta rawa. Takalmi mai rufe idon sawu, mai ɗan dunduniya, domin ƙafa kada ta zurma cikin likkafa ta maƙale. Sai wandon hawa wanda ba shi da ɗinki mai kauri ta cikin cinya. Safar hannu da rigar kariyar ƙirji suna biyo baya, kuma ina ba da shawarar rigar da zarar an fara tsallake.

Mai sa hijabi ta nemi ƙarami mai kama kai irin na 'yan wasa, ta sa shi a ƙarƙashin hular, ta cusa bakinsa cikin riga. Ban da allura ko fil, ban da mayafi mai lilo da zai iya sarƙewa a sandar shinge ko ya firgita doki. Ki gwada hular da hijabin a kanki ranar saye.

Gargaɗi: kada ki sayi hular gwanjo. Hular da ta taɓa bugun ƙasa ta gama aiki ko da ba a ga tsaga a bayanta ba. Taki ma, ranar da kika faɗi da ita, ki canza.

Sirdinmu na gargajiya mai doguwar kwacciya gaba da baya, da linzaminmu mai ƙarfi, an yi su ne domin hawan sallah da zamiya, kuma a can sun yi daidai. A tsallake kwacciyar za ta doke ki a ciki, linzamin kuma zai yanki bakin doki lokacin da yake miƙa wuya a sama. Ana amfani da sirdi maras nauyi mai fiffike a gaba wajen gwiwa, da linzami mai laushi mai gaɓa a tsakiya. Makaranta ce ke ba da su, ba sai kin saya ba tukuna.

3. Zama: inda ake daɗewa

Nan ne mutane ke gajiya, nan ne kuma ake gina komai. Malami zai ɗaura wa doki doguwar igiya ya tsaya a tsakiya, dokin na zagaya shi, ke kuma kina kai babu linzami a hannunki. Wani lokaci har likkafa zai sa ki cire. Manufar ita ce jikinki ya koyi tsayuwa da kansa, kada ki riƙa rataya a bakin doki don neman madafa. Kunne, kafaɗa, ƙugu da dunduniya su zo a layi ɗaya, dunduniya a ƙasa, ido a gaba.

Daga nan sai tafiya uku ta doki: takawa, sassarfa, da ƙaramar sukuwa mai bugu uku wadda da ita ake yin gasar gaba ɗaya. Sai tashi daga sirdi, wato ki ɗaga mazaunai kaɗan, nauyinki ya sauka a likkafa, ki karkata gaba. Ki iya zagaya fili sau da yawa a haka ba tare da kin dafa wuyan doki ba. Cinya za ta yi tsami, haka abin yake.

Kafin a sa miki sanda ko ɗaya, ki tabbata kina iya waɗannan: tsayar da doki a inda kika nufa, juya shi da ƙafa da nauyin jiki kafin hannu, tsawaita takunsa a sukuwa sannan ki gajarta shi ba tare da ya koma sassarfa ba. Wannan na ƙarshen shi ne sirrin wasan. Gasar da ake gamawa cikin minti ɗaya da 'yan daƙiƙu, kusan dukanta tafiya ce tsakanin shinge da shinge. Tsallaken kansa ƙiftawar ido ne.

Wanda ke hawa sau biyu a mako zai iya shafe shekara a wannan mataki, kuma bai yi asara ba.

4. Sanda a ƙasa, sannan shinge

Ana farawa da sanduna a kwance a ƙasa. Don sassarfa ana jera su da tazarar kusan mita 1.2 zuwa 1.4, gwargwadon girman doki. Daga nan sai sanduna biyu a gicciye, waɗanda tsakiyarsu ta fi ƙasa, don su koya wa ke da doki nufar tsakiya. Sai shinge tsaye, sannan mai faɗi mai sanda gaba da baya, sannan jerin ƙananan shingaye a layi ɗaya da malami ya auna tazararsu, inda doki ke yin aikinsa ke kuma kina gyara jikinki.

Kurakurai uku ne ake ta maimaitawa a nan. Na farko kallon shinge: inda idonki ya sauka, nan nauyinki ke bi, doki kuma yana ji. Na biyu riga doki tsalle, wato ki kifa a wuyansa kafin ya tashi. Idan ya turje a wannan hali, ke kaɗai za ki haura. Na uku riƙe linzami tamau a sama. Doki na buƙatar miƙa wuya don ya daidaita kansa, idan kika fizge bakinsa sau biyu sau uku zai fahimci cewa tsallake yana zuwa da zafi, sai ya daina. Idan kin ji za ki rasa daidaito, ki kama gezarsa. Ba abin kunya ba ne, kuma ba ya jin zafinsa kamar na baki.

Gargaɗi: kada ki taɓa tsallake ke kaɗai a fili. Sandunan kuma su zauna a kan maɗora marasa zurfi yadda za su faɗo idan an taɓa su. Shingen da aka ƙusance ko aka ɗaure yana kifar da doki da mahayinsa. Kuma ba kullum ake tsallake ba: sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, sauran kwanakin aikin ƙasa ne da kilisa, domin jijiyoyin ƙafar doki ba sa yafe wuce gona da iri.

5. Ki shiga barga

Ki koyi sharce doki da goge shi, ki koyi ɗaga ƙafa ki tsabtace kofato, ɗaura sirdi da ɗaure majayi a hankali, shafa ƙafafu kowace safiya don jin zafi ko kumburi. Ki san cewa ciyawa ita ce tushen abincinsa, kusan kashi 1.5 zuwa 2 cikin ɗari na nauyin jikinsa a rana, hatsi ƙari ne da ake ba shi kaɗan-kaɗan. Canjin abinci a yi shi cikin kwanaki. Ruwa mai tsabta ya kasance a gabansa koyaushe. Ki san alamun ciwon ciki: ƙin abinci, tonon ƙasa, waiwayar ciki, kwanciya da birgima. Wannan na kiran likita ne a take, domin yana kashe doki cikin yini guda. Mai gyaran kofato kuma duk bayan mako huɗu zuwa shida.

Ina nanata wannan mataki ne saboda dalilin sana'a ma. Aikin farko da za a ba ki a babbar barga na kula da dawaki ne, ba na hawa ba.

6. Gasar farko da taka fili

Ki shiga ajin da ya yi ƙasa da abin da kike tsallakewa a gida. In kina haura santimita 90 a atisaye, ki yi rajistar 70 ko 80.

Kafin a fara ana buɗe fili mahaya su shiga da ƙafa. Ki bi hanyar daidai yadda za ki bi da doki, har kwanoni, kada ki yanke. Takun doki a ƙaramar sukuwa kusan mita 3.6 ne, wato manyan takunki huɗu. Daga bayan shinge ki ware taku biyu na sauka, ki ƙirga hurhuɗu, ki bar biyu na tashi a gaban shinge na gaba, sai ki san taku nawa doki zai yi a tsakani. Ki auna takunki da tef a gida tun kafin ranar, har ƙafarki ta haddace santimita 90. Idan lissafi bai cika ba, mai tsara fili ne ya yi da gangan, yana tambayarki: za ki tsawaita ko za ki gajarta? Ki yanke shawara da malaminki a nan ƙasa.

Dokokin da ba a yi musu uzuri: jar tuta a damanki, fara a hagunki, a kan kowane shinge, har na filin ɗumama jiki. Kada ki fara kafin ƙararrawa, idan ta kaɗa kuma kina da daƙiƙa 45 ki ƙetare layin farawa. Sanda ta faɗi, maki 4 na laifi. Doki ya turje ko ya kauce, maki 4, na biyu kuma a dokar FEI, hukumar wasannin dawaki ta duniya, an fitar da ke. Faɗuwa ma fita ce, haka tsallake shingen da ba shi ne a layi ba. Wuce lokacin da aka ƙayyade yana jawo maki. Waɗanda suka fita ba laifi su ke sake karawa a gajeriyar hanya, inda sauri ke raba gardama.

Gargaɗi: a shingen da aka jera A da B, ko har da C, idan doki ya turje a B, sai kin koma kin faro daga A. Sabbin mahaya da yawa a nan ake fitar da su. A filin ɗumama jiki kuwa, ki ba dokin da aka ɗaura wa jan ƙyalle a wutsiya tazara, yana harbi.

7. Doki: aro, haya, sannan saye

Ɗan koyo da ɗanyen doki ba sa haɗuwa. Ki nemi wanda ya fi ki sanin aikin, ko da ya haura shekara goma sha biyu. Haya ta shekara guda ta fi saye a wannan mataki, domin za ki wuce shi ko ki gane ba jininku ɗaya ba. A rubuta yarjejeniya: wa ke biyan likita, wa ke biyan inshora, me zai faru idan ya gurgunce.

Idan saye ya zo, ki hau shi fiye da sau ɗaya, har da wani fili da bai saba da shi ba. Ki kawo likitan dabbobi naki, ba na mai sayarwa ba, ya duba zuciya da ido da numfashi, ya lanƙwasa gaɓoɓi ya ga tafiyarsa, ya ɗauki hoton ƙashi, ya ajiye jini saboda maganin kashe zafi da ake ɓoye gurgunta da shi. Ki tambayi la'adar dillali a fili tun farko.

Game da kuɗi, ki sani kuɗin sayen doki shi ne mai sauƙin lissafi, tunda sau ɗaya ne. Abin da ke cinye mutum shi ne na wata-wata: hayar ɗaki a barga da abinci, wanda shi ne mafi nauyi, sai malami, kofato, rigakafi da gyaran haƙori, inshora, motar ɗaukar doki, kuɗin shiga gasa da na ɗakin doki a wurin gasa. Ki tambayi barga uku farashinsu, ki haɗa na wata goma sha biyu, ki ƙara ajiyar gaggawa ta likita. In jimillar ta fi ƙarfinki, ki tsaya a haya. Dawakan manyan gasa, irin Holsteiner da Hanoverian na Jamus, KWPN na Holan da Selle Français na Faransa, waɗanda suka riga suka yi suna ana sayar da su a miliyoyin yuro, kuma yawancin manyan mahaya ba su ne masu su ba.

Gargaɗi ga mai tunanin horar da doki a gida ta fita da shi: saboda cutar dawakin Afirka da ƙananan ƙwari ke yaɗawa, ƙasashen Turai suna da tsauraran dokoki kan shigo da doki daga yankinmu. Mahayi ne ke tafiya, doki a can ake samunsa.

8. Zaman almajirci a babbar barga

Wannan shi ne mararrabar da ke raba mai sha'awa da mai sana'a. Meredith ta yi karatu a jami'ar Princeton, ta riga ta iya hawa, amma a 1991 ta tafi Jamus wurin Paul Schockemöhle, wanda ya ci kofin Turai sau uku. Sai a 1999 ta shiga tawagar Jamus da ta ci zinare a gasar Turai a Hickstead ta Ingila. Shekara takwas ke nan. Beezie Madden ma a hannun mahayiyar Amurka Katie Monahan Prudent ta goge kafin ta tsaya da ƙafarta.

Tsarin shi ne ki yi aikin barga daga asuba zuwa dare, a biya ki da masauki, ɗan albashi, darasi, da damar hawan dawaki da yawa. Damar nan ita ce riba. Mai doki ɗaya tana koyon doki ɗaya, mai hawan shida ko takwas a rana tana koyon doki. Za a fara ba ki dawaki 'yan shekara huɗu da biyar, masu tutsu da tsoro. In kin iya da su har suka yi daraja, masu dawaki za su fara tambayar sunanki. Ki tura gajeren bidiyo da ke nuna aikinki na ƙasa da zagaye guda na gasa ba a yanke ba, tare da wasiƙar malaminki.

Gargaɗi, kuma ina so iyaye su karanta wannan da kyau: a sami rubutacciyar yarjejeniya mai faɗin awannin aiki, ranar hutu, yawan darasi, masauki da inshorar rauni. A shiga da bizar da ta halatta aiki. Kada ki miƙa fasfonki ga kowa. A yi magana da matan da suka taɓa aiki a bargar kafin a sayi tikiti, kuma wani naki ya san inda kike kwana. Akwai bargunan da ke cin gumin 'yan mata shekara guda ba su ɗora su a kan doki ba.

9. Rajistar duniya da hawa tsani

Gasar ƙasa da ƙasa tana ƙarƙashin FEI mai hedikwata a Lausanne ta Suwizalan, kuma ta hannun hukumar dawaki ta ƙasarki ake rajista, ke da doki, kowace shekara. Doki na buƙatar fasfo da ƙwayar shaida da ake dasawa a wuyansa, da rigakafin murar dawaki da bai wuce wata shida da kwana 21 ba kafin gasa. Akwai rukunin yara 'yan 12 zuwa 14, matasa 14 zuwa 18, da 16 zuwa 21. Gasannin ana kiransu CSI, daga tauraro ɗaya zuwa biyar, inda shinge ke kai mita 1.60. Makin jadawali na wata goma sha biyu ne, kuma matsayinki a jadawalin shi ke buɗe ƙofar manyan gasa irin na Aachen ko Spruce Meadows ta Kanada. Kusa da mu, Maroko tana shirya jerin gasannin duniya a Tetuwan, Rabat da El Jadida.

Ki hau aji na gaba ne kawai idan kina fita ba laifi a kai a kai a wanda kike ciki. Idan doki ya fara turjiya bayan ƙarin tsayi, ki sauko da shi, ki kuma sa likita ya duba bayansa da ƙafafunsa kafin ki ɗauki bulala.

Gargaɗi: a dokar magunguna mahayi ne ke da alhaki, ko da ɗan barga ne ya ba doki abin. Man shafawa, maganin gargajiya, ko bokitin da wani doki ya ci magani a ciki duk suna iya fitowa a gwaji. Ki buɗe littafin da ake rubuta duk abin da ya shiga jikinsa.

10. Masu dawaki, da doki guda

A sama, kuɗin shiga na zuwa ta hanya huɗu: kason kyautar gasa da ake rabawa da mai doki, koyarwa, horar da ƙananan dawaki a sayar, da kamfanonin talla. Kyautar gasa ita ce mafi rashin tabbas. Abin da ke riƙe sana'a shi ne mai doki da ya amince da ke har ya ƙi sayarwa lokacin da aka zo da tayi mai tsoka. Beezie Madden ta daɗe tare da Abigail Wexner, mai Authentic, dokin da ta ci zinaren tawaga da shi a Olamfik ta Atina a 2004 da kuma ta 2008, har da tagullar kanta a 2008 ɗin. Ki riƙa ba mai doki labari da kanki, mai daɗi da maras daɗi, kafin ya ji a bakin wani. A rubuta kason kowa, da wanda ke da ikon cewa a sayar.

Sannan ki tsara wa doki shekararsa: manyan gasa biyu ko uku da ake nufa, sauran na shiri, da hutu na gaske a makiyaya. Shutterfly na Meredith doki ne mai firgita da hayaniya, wanda wani zai iya gajiya da shi ya sayar. Ta zauna da shi, suka ci kofin duniya na cikin ɗaki a 2005, 2008 da 2009, da kofin Turai a Mannheim a 2007. A 2011, yana da shekara 18, ya ci wata babbar gasa a Aachen, a makon kuma ta yi masa ritaya a gaban jama'a yana da lafiyarsa.

Masu tambaya kan aure da haihuwa: Meredith ta haihu a farkon 2010, a kakar shekarar kuma tana cikin tawagar Jamus da ta ci zinaren duniya a Kentucky ta Amurka. Abin da hakan ke buƙata shi ne a shirya tun da wuri wanda zai riƙa hawan dawakin a watannin da ba kya nan, a sanar da masu su, kuma likitarki ce za ta faɗi ranar dainawa da ranar komawa. Shekaru ma ba su cika tsayar da mace a wannan wasa ba. Laura Kraut ta Amurka, wadda aka haifa a 1965, tana cikin tawagar da ta ci azurfa a Paris a 2024, a kan dokinta Baloutinue, wanda da shi ta ci azurfar Olamfik ta Tokyo shekara uku kafin nan.